Wake a Ɗakin Jariri

Zuwa ga Mai Girma,
Babban Shugaban Ofishin Ɗage Ranar Fita,
London.

Yallaɓai, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar 'yar ƙasa ga babban ma'aikaci, da fatan aikin ɗage-ɗage bai gajiyar da kai ba. Ban san sunanka ba, ban taɓa ganin ofishinka ba, amma na tabbata akwai shi, domin aiki mai kyau haka, wanda ba ya fashi, ba zai yi kansa ba.

Sunana Tamsin Holroyd, matar Warren Holroyd, makanikin motocin bas a nan Skipton. Ka yi haƙuri in fara da ranar da rayuwata ta juya, don daga nan ne ka shigo gidanmu ba sallama.

A farkon Maris ɗin bana ne. Da safe aka tabbatar mini ina da ciki. Ni kuwa ma'abociyar ƙananan littattafan soyayya ce, irin waɗanda ake arowa a laburare a gama su a zama ɗaya, don haka na san yadda ake ba miji irin wannan albishir. Na sa doguwar rigata shuɗiya, na kunna kyandir duk da rana ba ta faɗi ba, na tsaya jikin taga na ɗan karkatar da kai. A littafi, mijin kan shigo da ruwan sama a gashinsa, ya dube ki sau ɗaya, ya gane komai.

Nawa mijin hon ya danna.

"Tam! Fito ki kama mini, but ɗin motar ya ƙi rufuwa!"

Waken gwangwani ne, Yallaɓai, kwali a kan kwali. Ya ji a rediyon garejinsu cewa idan muka fita daga Tarayyar Turai a ƙarshen wata ba tare da yarjejeniya ba, manyan motocin kaya za su maƙale a bakin teku, kantuna su zama wayam. A kan matakalar bene na faɗa masa, ina rungume da kwali. Ya ajiye nasa, ya rungume ni, har da hawaye, wannan ba zan hana shi ba. Sai ya ɗago ya ce, "Baki uku ke nan. Bari in koma kafin su rufe."

Ɗakuna biyu gare mu a sama. Na biyun shi na tanadar wa jariri, har na zaɓi fenti ruwan ƙwai. Tun daga ranar, wake ne a ciki, da taliya, da ganyen shayi, da takardar banɗaki har rufi. Warren ya yi mini alkawari: "Da zarar an fita, an ga yadda ta kaya, zan kwashe komai in haɗa gadon jariri." Wannan "da zarar an fita" kuwa a hannunka take. Shi ya sa nake gabatar da ƙorafina, cikin ladabi.

Na farko. Na karanta labaran rabuwa ba iyaka, ban taɓa ganin irin wannan ba. A littafi, idan mace ta ce wa mai gidan gona, "Na bar ka," takan ɗauki kwat ɗinta ta fita cikin ruwan sama, a rufe babi. Ko dai ya bi ta tashar jirgin ƙasa ya roƙe ta, ko ta tafi ke nan. Duka biyun ina yin kuka in ji daɗi. Amma wane marubuci ne zai bar ta a bakin ƙofa shekara uku, hannu ɗaya cikin kwat, tana tambayar wa zai riƙe tukwane? Da ni ce mai laburare, da na mayar masa da littafinsa. Takardar ƙuri'ar raba gardama da aka ba mu shekara uku da suka wuce layi biyu ce kacal, a zauna ko a fita. Ban taɓa karanta labari gajere haka da ci gabansa ya ƙi ƙarewa ba.

Kada ka tambaye ni abin da na zaɓa. Ko surukata ba ta tambaye ni ba, ita da ta san nauyina a kowane mako. Abin da zan iya shaida maka shi ne, a layin gidan waya yanzu, wanda ya zaɓi fita da wanda ya zaɓi zama magana ɗaya suke yi: "Su dai yi wani abu, mu huta."

Na biyu. Ranar da kuka sa a ƙarshen Maris ta zo, kuka ɗage zuwa Afrilu. Afrilu ta zo, kuka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba. Wataƙila a wajenku canza kwanan wata ne kawai a takarda. A gidanmu, kowace ɗagewa na nufin Warren ya shiga ɗakin nan yana juya gwangwanaye yana duba wa'adin da aka buga a gindinsu. Wanda ya matso, mu cinye. Wanda muka cinye, ya sayo madadinsa. Wake a kan gasasshen burodi da safe. Wake a kan dankali da rana. Da yamma wake da ƙwai, wai don a samu canji. Shin Yallaɓai ya taɓa zama da mai ciki wata takwas da ake ciyarwa haka? Ranar awon ciki, ungozomarmu, Misis Rushworth, ta kara na'ura a cikina ta yi shiru tana sauraro, sannan ta ce, "Bugun zuciyar lafiya lau, 'yar nan. Sauran kiɗan ne ban gane ba."

Surukata Maureen ta taɓa ɗaukar gwangwani ta kai masa har hanci. "Karanta, ɗan nan. A ƙasar nan aka cika shi. Wace teku zai ƙetare?" Warren ya yi nazari ya ce, "To ƙarfen gwangwanin fa, Mama? Kin san inda ake kawo shi?" Washegari ya ƙaro kwali.

Na uku, game da Majalisa. Ban san siyasa ba, amma Warren ya daina kallon ƙwallo a tsakiyar mako ya koma kallon 'yan majalisa masu koren benci, ni ma dole nake gani. An ce musu, kuna son wannan yarjejeniya? Suka ce a'a. Kuna son a fita ba yarjejeniya? A'a. To a fasa? A'a. A sake tambayar jama'a? A'a. Aka dawo musu da ta farkon, suka sake cewa a'a, suka tafi hutu. Na san wannan hali, domin Maureen na zuwa cin abincin Lahadi. Takan bugi gwiwoyinta ta ce, "To, ni zan kama hanya." Ta sa kwat. Ta tsaya a zaure ta ba ni labarin ƙafar maƙwabciyarta. Ta buɗe ƙofa, sanyi na shigowa, ta tuna wata jana'iza. In na ce ta dawo ta zauna, ta ce a'a, tafiya za ta yi. In na ce sai da safe, ta ce korar ta nake. Amma Maureen, Yallaɓai, kafin duhu takan tafi.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ci mini rai. Kun sace mini jarumina. Warren ba mai tabo a kumatu ba ne, ba shi da doki ko gidan gado a kan tsauni, amma da can yakan tsinko mini fure a gefen layin dogo ya ɓoye a akwatin abincinsa. Ranar zagayowar aurenmu a bana ya miƙo mini ƙaramin ƙunshi da jan ƙyalle. Na rufe ido, zuciyata na bugawa. Mabuɗin gwangwani ne. "Na hannu ne," in ji shi, "ko an ɗauke wuta zai yi aiki." Kwanaki muna tafe a bakin ruwa, rana na faɗuwa, agwagi na wucewa, komai ya yi daidai da babi na ƙarshe. Ya riƙe hannuna, ya dubi ƙwayar idona, ya sassauta murya ya ce, "Tam, kin san taliya ba ta lalacewa?"

Ba wawa ba ne, kada ka ɗauka haka. Tsoro yake ji, kuma ba wanda ya iya faɗa masa abin da zai faru, shi ne yake sayen abin da hannunsa zai iya ɗauka. Wa ya koya masa wannan tsoro, ya kuma riƙa sabunta masa shi duk bayan 'yan watanni?

Na biyar. Gadon jariri da Maureen ta saya yana jingine a zaure cikin kwalinsa, kowa ya wuce sai ya buge gwiwa. Misis Rushworth ta zo duba gida, ta buɗe ƙofar ɗakin, takardar banɗaki ta zubo mata a ka. Ta gyara gilashinta ta ce, "A ina baƙon zai kwana?" Warren ya ce ai a zamanin da a durowa ake kwantar da jarirai. Maureen ta ce, "Ƙwarai, kai ma a durowa ka kwana. Dubi abin da ka zama."

Kada ka ce ban nemi mafita da kaina ba. Lokacin bikin godiyar girbi ne, kowa na kai abincin gwangwani coci don a raba wa mabukata. Warren na wurin aiki, na cika keken jariri da wake, na lulluɓe da bargo, na tura har kan tudu. Da na isa sai na tarar da layi. Matan unguwarmu ne, wata da kwando, wata da baro, wata da akwatin tafiya mai taya, duk a lulluɓe, duk suna ƙarar ƙarfe. Ba wadda ta kalli kayan wata. Muka tsaya muna hirar yadda sanyi ya zo da wuri bana. Can sai ga Rabaran Ormerod ya fito yana share zufa. "Bayin Allah," ya ce, "na gode, Ubangiji ma ya gode. Amma mai wani abu ban da wake ta matso gaba. Na cika ɗakin mawaƙa, na cika ƙarƙashin bagadi, mabukatan ma sun fara gudu in sun hango ni." Ba wadda ta matsa. Muka ba shi haƙuri, ya ba mu haƙuri, muka juyo da kayanmu.

Yanzu kuma na ji ana raɗe-raɗin cewa ta ƙarshen Oktoban ma za ku ɗage ta. Ina taya ofishinka murna. Sai dai ni an ba ni ranar haihuwa a farkon Nuwamba, na kuma tambayi Misis Rushworth ko akwai inda ake neman ƙarin wa'adi. Ta yi dariya har ta zauna.

Saboda haka jiya na zaunar da Warren a kicin, ba kyandir, ba shuɗiyar riga, don ta yi mini kaɗan. Na ce masa ɗakin nan za a kwashe shi a wannan mako.

"In kantuna suka ƙare fa, Tam?"

"Nono zai sha."

"Mu fa?"

"Mu mun ci rabonmu na wake har tsufa."

Ya murza hularsa. Sannan ya ce, "To ki ba ni zuwa ƙarshen wata, mu ga abin da za su ce."

Yallaɓai, tausayinsa ya kama ni, don yadda ya langaɓar da kai ko a littafi sai haka. Amma na ga inda irin wannan roƙo yake kai ƙasa guda. Na ce a'a. Ya nemi mako biyu, na ce a'a. Ya nemi a bar masa kwali ɗaya a rumfar da ke bayan gidanmu, da taliyarsa. Wannan na yarda, muka sha hannu, muka sha shayi. Kafin butar ta huce mun gama yarjejeniya, in ofishinka na bukatar mai koyarwa.

Ƙanen Maureen yana da motar kaya, matan layin coci kuma duk sun ce a haɗa da nasu. Tunda ku ne kuka san ranar da za a bukaci waken nan, ku ya kamata ku ajiye shi. Direban ya ce bai san ofishinka ba, na ce ya shiga London ya nemi ginin da aka fi yin taro a bakin ƙofar fita.

Ranar Asabar waken zai iso gare ka. Ranar Lahadi Warren zai haɗa gadon.

Taka mai biyayya, mai ladabi gwargwadon yadda ciki ya bar ta ta rusuna,

Tamsin Holroyd (Misis),
Skipton.