Oga Tobiya da Keken Manya

Duk wanda ya ce unguwar Majidaɗi ba ta da babban mutum, to bai taɓa tsayawa bakin hanya da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya ga fitowar Oga Tobiya ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa ta kowane gefe: ga murya, ga tumbi, ga biro uku a aljihun gaba. Tsawo ne kawai aka ce ya dawo gobe ya karɓa, shi kuma ayyuka suka yi masa yawa bai koma ba. In ya tsaya kusa da matarsa Jemima, hularsa ce ke gaisawa da kafaɗarta.

Kafin a ba mu jiha, Tobiya takarda yake ɗauka daga wannan tebur ya kai wancan. Da Jalingo ta zama babban birni, kujeru suka fi masu zama yawa, sai aka ba shi tebur nasa na kansa, har da hatimi. Tun daga ranar ya daina amsa Tobiya tsurarsa. Mutanen unguwa, da yake ba su da rowa, suka ƙara masa da Darakta. Wasu suka ce Lebul Sikis, don ba ya rufe baki bai ambaci matakinsa na aiki ba. Duka yana amsawa, har ya gyara tsayuwa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: kujerar shugaban ƙungiyar manoman doya ta unguwa. Mai riƙe da ita ya tsufa ya ajiye. Ita kuwa wannan kujera ba ƙuri'a ake jefa mata ba. Dattawa ne ke zama a gindin mangwaron ƙofar gidan Baba Manga su nuna wanda suke so, kuma inda Baba Manga ya karkata, nan sauran ke karkata. Masu nema biyu ne, Darakta da wani Noah, mutumin da in ka taka masa ƙafa shi zai ce ka yi haƙuri. Aikin shugaba yawo ne, gona-gona, can hanyar Iware, cikin kwazazzabo da duwatsu. Noah yana da tsohon baƙin kekensa mai kukan agwagwa. Darakta ya ce shi ba zai nemi mulki a kan abin da masu itace ke hawa ba.

A lokacin ne aka fara shigo da irin keken nan na hawa dutse, 'yan Beljiyam, masu kaurin taya da giya goma sha takwas. Njidda mai keke, can unguwar Sarkin Dawaki, ya samo guda uku ya jingine a gaban rumfarsa: ƙarami, matsakaici, da wani ja, dogo, kamar an sa wa raƙumi taya.

Darakta ya iso, ya zagaya su hannu a baya, kamar mai duba fareti.

Njidda ya ce, "Barkama, ranka ya daɗe, wannan ba irin baƙin keke ba ne, kowa da nasa awo. Ka ratsa ƙafa ka tsaya a kan firam, tafin ƙafa biyu a ƙasa. In yatsa huɗu sun shiga tsakaninka da ƙarfen nan na tsakiya, naka ne. In ba su shiga ba, na wani ne."

Aka gwada ƙaramin. Yatsa huɗu cif, hannu ya kai birki ba miƙa. Njidda ya ce kamar don shi aka ƙera. Aka gwada matsakaicin, Darakta ya tsaya da ɗage, fuskarsa ta nuna cewa shi da ƙarfen sun fara sanin juna. Aka zo kan jan. Sai da Njidda ya kwantar da keken rabi sannan ƙafa ta tsallaka, da aka ɗago shi kuwa, ƙafa ɗaya tana ƙasa, ɗayar tana lilo tana neman abin dafawa.

"Ƙaramin nan inci nawa ne?"

"Sha shida."

"Babban fa?"

"Ashirin da biyu."

Darakta ya yi murmushin wanda ya kama yaro da wayo. "Malam Njidda, kai gyara ka sani, ba ka san gwamnati ba. Komai na duniyar nan lebul ne. Ƙaramin nan na masinja ne. Na tsakiya na akawu. Siniya sitaf kamar ni a gan ni a kan sha shida, me zan gaya wa na ƙasa da ni? Sauke min sirdin babban nan kawai."

"Sirdi yana sauka, barkama. Ƙarfe ba ya sauka."

"Zan saba."

Njidda ya ce useko, godiyarsu ta Fulani, ya sauke sirdin har inda ya ƙare. Mai sayarwa ba ya faɗa da kasuwarsa sau biyu. Darakta ya jawo keken da hannu tun daga Sarkin Dawaki har gida, duk wanda ya tambaya ya ce sabuwar taya sai ta sha iska kafin a hau ta.

Babban mutum ba ya rasa dabara. Washegari aka kifa turmin Jemima a ƙofar gida. Darakta ya hau turmi, daga turmi ya hau sirdi, Jemima ta tura. Sai ga shi a hanya, ƙugu na zuwa dama ya nemo feda, ya dawo hagu ya nemo ɗayar, hannuwa a miƙe, haɓa ta kusa taɓa ƙararrawa. A ƙofar ofis kuma Allah ya yi masa gyaɗar dogo, akwai kwalbati daidai tsayin turmin, nan yake dafa ƙafa ya sauka. Tsakanin turmi da kwalbati kuwa babu tasha.

To, a nan gizo ke saƙar. A garin nan, ko kai wane ne, in ka zo wucewa ta gaban dattijo a kan keke, sauka ake yi. Ka ja abinka da hannu, ka cire hula, ka tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ka hau. Mai tsananin sauri ma ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Hanyar ofis kuma ta ƙofar Baba Manga ta bi, shi kuwa tsohon kullum yana nan a kujerarsa yana shan hantsi. Ranar farko Darakta ya ɗaga hannu ɗaya, keken ya nufi kwata, da ƙyar ya dawo da shi. Daga ranar ya bar hannu a inda yake. Ƙararrawa yake kaɗa wa Baba Manga, sau biyu, don girmamawa.

Da aka yi sati biyu a haka, Jemima ta ce, "Baban Success, ka mai da keken nan ka karɓi ƙaramin. Jiya a coci matar Baba Manga ta tambaye ni ko wuyanka ne ya sanƙare."

"Ke ba ki san furotokol ba. Kin taɓa ganin gwamna ya tsayar da jerin motoci don gaisuwa? Dattawan nan shugaba mai kwarjini suke nema. Yanzu haka labarina suke yi."

"Suna yi kam. Ni dai a bar min turmina, gindinsa ya fara tsagewa."

Ranar zama ta zo, Asabar da hantsi. Dattawa suka cika benci biyu a gindin mangwaro. Noah ya sauka tun daga nesa, ya jingine agwagwarsa, ya durƙusa ya gaida kowa da sunansa, ya koma gefe. Darakta bai damu ba, don tun jiya ya leƙo wurin ya ga wani kututture a bakin inuwar, daidai tsayin da yake bukata. Ya sa kwat, ya soke biro uku, ya hau turmi, aka tura.

Yana karyo kwana ya hango kututturen. Baffa Maishanu, ɗaya daga cikin dattawan, ya rasa wuri a benci ya zauna a kai, har ya miƙe ƙafa yana ɓare goro. Wurin kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, ko dutsen da za a jefi kare babu.

"Sannunku da hutawa, iyayena!" in ji Darakta, ya wuce ta bayan mangwaro. Ya ɓullo ta ɗaya gefen. "Mun same ku lafiya?"

Baba Manga ya ce, "Tobiya, sauka mana."

"Yanzu, Baba. Giya nake gwadawa."

A zagaye na uku ya ga lokaci na tafiya, kuma bai kamata jawabin da ya yi sati yana haddacewa ya lalace ba, sai ya fara daga sama. "In kuka ba ni kujerar nan, ni a matsayina na Lebul Sikis, zan kawo wa kowane manomi," ya shige bayan bishiya, abin da zai kawo ya tafi wajen awaki, ya fito, "wanda ba a taɓa gani ba a tarihin jihar nan!" Dattawa suna binsa da wuya, hagu, dama. Wani ya ce shi jiri ya fara ɗibansa. Wani ya tambayi na kusa da shi ko taki aka ce za a kawo, aka ce a jira ya dawo.

A zagaye na tara cinya ta fara rawa, gumi ya cika kwat. Darakta ya matso dab da kututture, ya rage murya. "Baffa, ɗan tashi."

"Me ka ce?"

Ya sake zagayowa. "Na ce ɗan tashi daga nan!"

Baffa Maishanu ya ajiye goro. "Jama'a, kun ji? Tun bai hau kujera ba yana tada mu daga tamu." Ya gyara zama, ya ƙara miƙe ƙafa.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A zagaye na goma sha ɗaya Darakta ya matse birki biyu lokaci guda, ya zame daga sirdi zuwa gaba, yana fatan ƙasa za ta taso ta tare shi. Ƙasa ba ta taso ba. Ƙarfen tsakiya ne ya tare shi, kuma a nan ya fahimci amfanin yatsa huɗun da Njidda ya ambata. Ya saki wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba, ya kwanta gefe a hankali, keken ya biyo shi ya rufe. Biro uku suka watse. Noah ya zo ya ɗaga masa keken, yana cewa ya yi haƙuri.

Daga nan ƙasa, gwiwa biyu, hula a hannu don ta riga ta faɗi, Darakta ya ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, Tobiya. Sati uku ke nan ina jiran gaisuwar nan." Tsohon ya juya ga sauran. "Kullum yaron nan yana wuce ni yana kaɗa min ƙararrawa kamar ni akuya ce a kan hanya. Yana nema ke nan. In ya samu fa? Noah, taso."

Darakta ya ce daga baya shi ne ya janye, saboda ayyukan gwamnati. Ranar Litinin ya jawo keken zuwa Sarkin Dawaki a musanya masa, Jemima na biye. Njidda ya ce ƙaramin ya tafi tun makon jiya, masinjan ofishinsu ne ya saya, kuma kullum yana godiya. Ana cikin haka Jemima ta tattare zani, da ma da wandon gona a ƙasa, ta ratsa ƙafa a kan jan. Njidda ya auna. Yatsa huɗu cif. Ya ɗaga sirdi, ya ɗaura kariya a baya, ya sa mata ɗan matashi.

Yanzu da ƙarfe bakwai da rabi, Jemima ce a gaba, Darakta a kan kariya, jaka a cinya. Ya bayyana wa unguwa cewa daga Lebul Sikis zuwa sama, doka ba ta yarda ma'aikaci ya tuƙa kansa ba, sai da direba. Turmi ya koma kicin. Kuma duk Majidaɗi yau babu mai ladabi kamarsa, don suna isa ƙofar Baba Manga direba take matse birki, ba ta ko waiwaya, ta ce, "Baban Success, sauka ka gaida mutane."