Yadda Za Ka Sa Wa Motar Ɗaukar Gawa Injin Tsere

Ɗan'uwa, idan unguwarku tana da tsohuwar mota mai yin aikinta lafiya lau, kuma lafiyar nan ta fara damunka, to ka zo wurin gwani. Ni ne Imurana, sakataren kwamitin jana'iza na masallacinmu a unguwar Maamobi, cikin birnin Akra. Matakan da ke ƙasa da hannuna na gwada su a shekarar 1987, tare da shugabanmu Alhaji Dramani mai fataucin goro. Ka bi su a jere. Na yi maka alkawari, kafin wata uku babu wanda ba zai san sunanka ba, daga unguwar Nima har unguwar Malam.

Mataki na 1: Nemo motar da ba ta yi wa kowa laifi ba

Tamu tsohuwar Landirofa ce, koriya, doguwa, wadda aka sayo a gwanjo tun ina saurayi. Aikinta ɗaya ne, ta ɗauki makara daga ƙofar gida zuwa maƙabartar Awudome. Ba ta gudu, mai keke ma yakan wuce ta. Amma tayoyinta huɗu duk suna ja, don haka babu lungun da ruwa ya zaizaye da ba ta hawa, a hankali, tana nishi, har ƙofar mamaci.

Kada ka kalli wannan. Ka kalli abin da maƙwabta suka samu. 'Yan Kotobabi sun sayi farar bas, sun rubuta sunan shugabansu a jikinta. Wata Laraba suka wuce mu a mahaɗar Kawukudi, su da gawarsu mu da tamu, direbansu ya ɗaga mana hannu. Ranar nan Alhaji Dramani bai ci abincin rana ba. Idan shugabanku bai taɓa jin irin wannan ciwo ba, ka tuna masa kullum har ya ji.

Mataki na 2: Kawar da wanda ya san motar

Kowace tsohuwar mota tana da tsohonta. Namu Baba Jibirilu ne, shekara goma sha bakwai yana tuƙa ta, da hannunsa yake wanke ta kowace Juma'a. Da Alhaji ya kawo maganar sabon inji a taro, Baba ya ce, "Alhaji, ringi kawai injin nan yake so, ɗan zoben ƙarfen nan na cikinsa. A canja masa, zai ƙara shekara goma. Kuma masu bin mu a baya tsofaffi ne, gudun me za mu yi?"

Kada ka yi gardama da irin wannan mutum, domin gaskiya gare shi kuma jama'a za su iya ganewa. Ka ɗaga darajarsa. Mu mun naɗa shi Babban Mai Ba Da Shawara, aka yi fatiha, aka karɓi makulli. Mai ba da shawara ba ya tuƙi, kuma ba dole ne a saurare shi ba.

Mataki na 3: Zaɓi makaniken da bai san kalmar a'a ba

Masta Ganiyu na Kawukudi ya kai mu kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ya nuna mana inji mai silinda shida da aka ciro daga wata motar alfarma, bai daɗe da sauka daga jirgin ruwa a tashar Tema ba. Yana sheƙi kamar tukunyar amarya. Alhaji ya shafa shi ya ce, "Masta, zai shiga kuwa?"

Masta bai duba motar ba, bai ɗauko abin awo ba. Ya ce, "Alaji, zai shiga. In bai shiga ba, mota za ta matsa masa."

Wannan shi ne mutumin da kake nema. Makaniken da ya fito da igiyar awo, ka bar shi, mai kawo jinkiri ne.

Mataki na 4: Duk abin da ya tare hanya, a yanke

Injin ya fi gurbinsa tsawo. Masta ya yanke bangon da ke tsakanin inji da direba, ya tura kujera baya, ya tura allon bayan kujera baya, ya bi da walda. Sabuwar giya ta ƙi haɗuwa da ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu. Ya cire ta, ya cire sandar ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, ya jefa su ƙarƙashin mangwaro. "Waɗannan na daji ne," in ji shi. "Mu a Akra muke."

Baba Jibirilu ya zo gareji da sandarsa, ya daɗe yana kallon ƙarafan a ƙasa. Sannan ya leƙa bayan motar ya ce, "Imurana, kun gwada sa makara?"

Na ce masa za a duba. A takardar taro na rubuta: an karɓi shawarar Baba da godiya. Kai ma ka koyi wannan jimla, za ta yi maka amfani a kowane kwamiti.

Mataki na 5: Gwada ta inda ba za ta taɓa aiki ba

A yi mata farin fenti. Sunan shugaba da manyan baƙaƙe a ƙofar dama, na sakatare da ƙanana a ƙasa. Sannan a kai ta babbar hanyar Tema, wayam, babu makara, babu laka, babu tudu. Tamu ta tashi har hular Alhaji ta fita ta taga, bai yarda a tsaya ɗaukarta ba. Da muka dawo, sau uku muka zaga Kotobabi muna danna hon. Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Imurana, yau na yi wa unguwa abin da za a tuna da ni." Bai yi ƙarya ba.

Mataki na 6: Jira ranar aiki

Tamu ta zo a watan Yuni, bayan kwana biyu ana ruwa. Mma Luba, mahaifiyar Alhaji Dramani, ta cika da hantsi a gidanta da ke can saman lungu, bayan babbar kwata. Aka yi mata wanka, aka yi salla bayan azahar a ƙofar gida, aka aika a kawo mota.

Masta Ganiyu da kansa ya tuƙo. Ya bar kwalta, ya shiga lungun, ya taka. Tayoyin baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, na gaba suna tsaye kamar 'yan kallo. Ya ƙara wuta. Laka ta tashi ta wanke liman da mutanen da suka sauko taimako, motar ta zame gefe ta nufi kwata, sai da ƙarti takwas suka tare ta. Daga nan ba a sake maganar hawa ba.

A kafaɗa aka sauko da Mma Luba, ana dafa bango saboda santsi. Baba Jibirilu, da shekarunsa saba'in, yana riƙe da gaban makarar, ya ƙi yarda a karɓe shi. A bakin kwalta aka buɗe bayan mota aka tura. Makara ta shiga, ta tokare da allon da Masta ya matso da shi, ta tsaya. Taku biyu nata suna waje, ƙofa ba ta rufuwa, yayyafi yana sauka a kan likkafani. Masta ya ce a kawo igiya.

Hajiya Fuseina, yayar Alhaji, tana tsaye a bakin lungu tare da mata. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ta ce, "Dramani, haka za ka bi da uwarmu ta tsakiyar gari, ƙafafunta a waje, a ɗaure da igiya kamar kayan kasuwa?"

Baba Jibirilu ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe ƙafafun, ya ce da ni a hankali, "Je ka Kotobabi."

Na je. Farar bas ta zo cikin rabin awa. Shugabansu ya sauko, ya yi wa Alhaji ta'aziyya, ya kama makara da hannunsa, bai ko kalli motarmu ba. Da ya yi mana dariya, da abin ya zo da sauƙi. Alhaji ya zauna kusa da mahaifiyarsa a cikin bas mai sunan wani, ya rufe fuska da hannun riga tun daga Maamobi har Awudome. Bas ɗin ba ta yi gudu ba, kuma mun isa kafin la'asar.

Mataki na 7: Raba laifi yadda ba zai ishi kowa ba

Bayan sadakar bakwai a kira taro. Masta Ganiyu ya ce injinsa lafiya yake, makarar ce ta cika tsawo, kuma yana da zarto. Wani ya ce a mayar da tsohon injin. Aka bincika, ashe yana Nima a shagon mai niƙa, an kafe shi da siminti yana niƙa masara, mai shi ya ce ko tari bai taɓa yi ba. Aka miƙa wa Baba Jibirilu makulli. Ya kalle shi, bai karɓa ba. Ya ce, "Ban san wannan motar ba."

Don kada ta lalace a ajiye, kwamiti ya amince shugaba ya riƙa motsa ta. Yanzu huhun goro take ɗaukowa daga Kumasi, kuma dole in faɗi gaskiya, ba ta da na biyu a wannan aiki. Hajiya Fuseina ba ta sake cin goron ƙanenta ba.

Gargaɗi

Ni Imurana ban san ka ba, ban ga motarka ba, ban ce ka yanke komai ba. Abin da ya faɗa kwata, ko ya ƙi shiga, ko ya ƙi fita, tsakaninka ne da makanikenka da 'yan'uwan mamaci. Shawara ɗaya ce zan ba ka da zuciya ɗaya: idan ka bi matakan nan kuma gidanka yana saman lungu, ka nemi ɗaki a bakin kwalta tun kana da ƙafar saukowa da kanka. Ni na tare a nawa tun watan Agusta.