Safata a Matakalar Jirgin Kawu

Har yau na kasa mantawa da Asabar ɗin da Kawu Bala ya ɗauke ni daga Lewisham zuwa bakin kogin Thames. Kawu ƙanin Mama ne, nas a asibiti, kuma duk hutunsa yana ƙarewa ne a gyaran wani tsohon jirgin ruwa na katako mai tafiya da iska. Matakalar da ke sauka cikin jirgin ce aikinsa na ƙarshe. Ya goge ta da samfefa, ya shafe ta da mai har tana ƙyalli kamar zuma. Saura ya manna robobi masu kaushi don hana santsi, washegari ya fita da abokansa karon farko.

Gam iri biyu ya sayo, ya kuma manta tabarau a gida.

"Mamana, karanta mini. Wanne za mu sa?"

Ɗaya ana iya ɓare shi daga baya. Ɗayan in ya kama, ya kama ke nan. Na zaɓi na biyu (ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ranar na zama injiniya).

Ya aike ni mota in ɗauko fulas ɗin shayi. Da na dawo ba ya nan, ya tafi aron wani abu wurin wani tsohon Bature da ke jirgin kusa. Na ga matakalar ta ƙara ƙyalli, har warin ma na ji, amma ban kawo komai a raina ba. Abin da na tuna kawai, Mama ba ta yarda a taka wuri mai tsabta da takalmi. Na cire nawa, na jera su, na sauka da safar ulu.

Ƙafar dama ta kama. Na sa ta hagu don in ja, ita ma ta kama.

Da na kira Kawu a lokacin, wataƙila da an goge gam ɗin da ya riga ya shafa wa matakalar. Amma kunya ta hana ni ɗaga murya a gaban baƙi. Na tsaya rungume da fulas, gam yana ta bushewa, har Kawu ya dawo tare da Baturen.

"Mamana, me kike yi a nan?"

"Kawu... I'm stuck."

Baturen ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa saboda dariya. Kawu ya kama ni ta hammata ya zare ni daga cikin safar, ita kuma ta zauna daram.

"Ba komai," in ji shi. Sai dai na ji shi a waya yana cewa, "Gobe an yi cancel." Wajen kankare ulun, man katakon ya biyo, dole ya koma samfefa daga farko. Kafin ya sake samun hutu, sanyi ya shigo, an rufe jirgin da tamfol. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

Yanzu na gane kunya tana da wurinta. In ƙafarki na kan gam, ki yi ihu kawai.