Gwaggo Tasalla da Sabon Adireshi

Wani abokina, Injiniya Dayyabu, yana aiki a wani kamfanin sadarwa a Kano. Bara ya tashi daga Hotoro ya koma Rijiyar Zaki, ya canza layin waya, bai gaya wa kowa a gida Malumfashi ba. Da matarsa ta haihu, ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tasalla, wadda ta goya shi a bayanta, a bakin wata mai kitso ta ji labari. Ranar suna ta yi sammako da ƙullin daddawa da kuka da zannuwan jego, ta sauka Hotoro ta rangaɗa sallama, sai ga wani Bayarabe ya leƙo da buroshi a baki. Haka ta wuni tana bulayi a rana, daga mai shago zuwa mai wanki, sai bayan la'asar wani mai gyaran famfo ya kwatanta mata gidan. Ta iso an watse, rago har an soye.

Dayyabu ya durƙusa yana ta sosa ƙeya.

Ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri. Wallahi aiki ne ya sha mini kai."

Ta ce, "Wane irin aiki ne wannan da ya fi gaya wa dangi inda kake kwana?"

Shi kuwa da ma a taɓa masa zancen aiki, sai ya gyara zama. Ya ce, "Akwai wasu manyan na'urori, Gwaggo, su ne kamar masu unguwar intanet. Duk kwamfutar da ke neman wani shafi, su take tambaya hanya. To ɗaya ce za ta canza adireshi, mu ne muke gyara namu injinan kada mutane su ɓata."

Ta ce, "Ikon Allah. Haka kawai take tashi?"

"Ina! Ai sai an yi wata shida ana shela, duniya duk ta ji."

"To wanda bai ji shelar ba fa?"

Ya yi murmushi irin na masana. "An yi tanadinsa. Tsohon adireshin ba a rufe shi, ana barinsa wata da watanni. Duk wanda ya je can za a amsa masa, a kuma nuna masa sabon wuri. Ko mutum ɗaya ba a so ya yi yawo."

Gwaggo tana ta murza ƙafarta da ta kumbura. Can ta ɗago ta dube shi.

Ta ce, "Allah ya yi wa wannan na'ura albarka, ta samu tarbiyya. Gobe in ka je ofis ka tambayo mini ita ko tana da gwaggo. In ba ta da ita, ga ni."