Sunan Ɗan Fari a Kaset

"Lahiya lau munka kwana. Shigo, Bahijja, shigo. Wanga da ke bayanki mai gashi kamar sheƙar shamuwa, wa na?"

"Mijinki na, Altine. Ko idon ma ya bi haƙoran?"

Da haka Faruk, yayana, ya gaida kakarmu. Daga Shagari muka taso zuwa Bodinga a kan babur ɗinsa, ina baya rungume da jakar kwamfuta. Wannan ne zuwanmu na farko tun da aka watse daga zaman makokin Baba.

Faruk ya gama kundin waƙoƙinsa na farko. Kiɗan lantarki ne irin na zamanin kaset, ya haɗa shi da gita da wani tsohon kibod na kiɗa da ya saya a wurin mai gyaran rediyo a Sakkwato. Ranar Juma'a zai sake shi a intanet. Waƙa ɗaya ta rage, kuma ya yi alkawarin ba za ta fita ba sai Kaka Altine ta yarda, domin muryarta ce a ciki.

"Miji?" Ta gyara zama a kan tabarma tana ci gaba da ɓare gyaɗa. "Mijin da bai taɓa kawo man ko ƙwayar gero ba? An ce man ka koma maroƙi. Ina gangar?"

"Gangata tana cikin jakar ga."

"Ganga cikin jaka! Makaɗan da na sani da hwata suke kiɗi. Kai da akwatin boka."

"Ai don ke na sayi tsohon kaya. Kibod ɗin ga sa'arki na. Haƙoransa biyu sun zube, in an taɓa shi sai ya yi tari kafin ya yi magana."

"Ka ci gidanku! Da tsohuwar zuma aka magani."

"Shi ya kawo ni, amarya. Zumar naz zo ɗiba."

Ta kalle shi, ta kalle ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina.

Faruk ya ciro wani tsohon kaset daga aljihu ya ajiye a gabanta. A motar Baba muka same shi, a akori-kurar da yake ɗaukar albasa da ita. Marigayi Malam Mode, mijinta, shi ya ɗauki muryar a ɓoye da rediyonsa, lokacin Baba yana jariri, tana lallashinsa.

Baba ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba. "Wancan" take cewa, ko "ubanku". Ko ranar da aka kai shi makwanci, abin da ta ce shi ne, "Allah shi jiƙan mai mota."

Faruk ya buɗe kwamfuta ya danna. Kibod ya fara a hankali, wani sauti mai sanyi kamar iskar da ke gaban hadari. Ganga ta shigo, gita ta bi ta. Sai kiɗan ya lafa, shuuu ɗin kaset ya taso, muryar wata matashiya ta fito:

*Yi shiru, Arzika, yi shiru, Arzika,*
*hadari ya taso ta Sifawa.*
*Gero na jiran ruwa,*
*ni kau kai nika jira, Arzikana.*

Hannun Kaka ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Kashe."

Ya kashe.

"Wace marar kunya ta wagga?"

"Matata ta. Tun tana da haƙori talatin da biyu."

"Ƙarya kake. Ni ban taɓa waƙa ba. Aljana ta."

"Aljanar ta iya murya. Da na riga Malam Mode ganinta, da ba a yi haka ba."

"Wancan tsohon munahiki! Ashe laɓewa shika yi bayan ƙyaure. Shekara da shekaru ina dama mishi hura, ashe ɓarawo nika ciyarwa." Ta watsar da ɓawon gyaɗa gefe. "Allah shi gahwarta mishi."

"Amin," muka ce.

"To, mi kaka so?"

"Ki yarda ta fita tare da sauran."

"Fita ina?"

"Ko'ina. Duk mai waya zai iya ji."

"Har Bodinga?"

"Har Bodinga."

"Har Mariya ta gidan liman, da ba ta da aiki sai kunne? Ta ji ni ina kiran sunan ɗan hwari kamar mai tallan nono? Sau ukku a baiti guda?"

"Sau biyu da rabi. Na ƙarshen kin haɗiye shi."

"Faruku, ka bar wasa." Muryarta ta sauka. "Na riƙe bakina tun ina da ƙuruciya har na tsuhwa. Ban yi ɓari ba ko sau guda gaban mutane. Yanzu da ƙahwata guda ke kabari za ka kwance man zane a kasuwa? Magana zarar bunu ta. Cire ta."

Ban taɓa ganin ta kayar da Faruk a zolaya ba sai ranar. Ya jawo kwamfutar a hankali.

"Shi ke nan, Kaka. Zan cire."

Bai ce amarya ba. Ita ma ta ji, don na ga ta ɗago kai.

Ni ba mai magana ba ce a gaban manya. Amma na ji in na yi shiru yau, babu wanda zai faɗa, domin ni kaɗai na gani.

"Kaka," na ce, "lokacin ina jami'a, Baba ne ke kai ni Sakkwato in zai kai albasa. Kullum in mun zo daidai Bodinga sai ya sa kaset ɗin nan. Ba ya magana. In waƙar ta ƙare ya mayar baya, ya sake. An sha ce masa ya canza rediyon motar, ya ƙi, don sababbin ba sa cin kaset."

Ba ta kalle ni ba.

"Rannan na tambaye shi waye ke waƙar. Ya ce, 'Wata ce da ta san sunana.'"

Wata kaza ta lallaɓo tana tsattsagar gyaɗar, ba wanda ya kore ta. Kaka ta ja bakin zanenta ta goge fuska, ta daɗe tana gogewa.

"Hayaƙi na," ta ce, ko da yake ba a hura wuta ba. "Mai mota ya iya ɓoye abu. Halin ubanai."

"Halin uwatai dai," in ji Faruk a hankali.

"Rufa man baki, mai kan shamuwa."

Ta ɗauki kaset ɗin tana jujjuya shi. Rubutun jikinsa ya goge saboda yawan taɓawa.

"In anka tambaye ka, wa za ka ce ta yi waƙar?"

"Abin da kika ce in ce."

"Ka ce wata yarinya ta, marar kunya, ba a san gidansu ba. Ni Altine ban san ta ba."

"Mariya za ta gane muryar."

"Mariya kurma ta, sai abin da bai shahe ta ba taka ji. In ta zo man da magana, ni na san wadda zan ba ta." Ta nuna kwamfutar da haɓa. "Amma wanga gwangwani da kaka bugawa bayanta, ka rage shi. Yarinya na lallashin ɗa, kai kana ta ƙarar maƙera."

"Gita ce, amarya."

"Ko uwar gita ta."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro, ta fasa, ta miƙa masa rabi.

"Ungo sadakinka. Mijin da bai da gero, mata ka biya."

Faruk ya karɓa da hannu biyu yana dariya, idonsa jajur. Ita kuwa ta tura kaset ɗin ƙarƙashin cinyarta, inda ba mai iya ɗauka, ta matso kusa da kwamfutar.

"To, maida ta baya."

"Daga farko?"

"A'a. Daga inda marar kunyar nan ta yi ɓarin baki."