Rumbun Iya Ya Rasu a Kulle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ɓacin rai ya cike ɗan gurbin da ya rage mata, Iya ta gidan gona na ƙarshen hanya tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar rumbunta, babban rumbun laka mai hular jinka da ke tsaye a bayan ɗakin girki tun kafin a kawo ta gidan. Ya rasu da hantsi ana tsakiyar ruwa, bayan doguwar jinya. Ya cika, cikinsa wayam, a bayan shingen waya, da kwaɗo a ƙofar shingen, mai shi tana tsaye tana kallo ba ta da ikon kai masa hannu.

Ba za a ce Allah Ya gafarta masa ba, domin bai saɓa wa kowa ba. Masu buƙatar wannan addu'a suna nan da ransu, kuma za a zo kansu.

Surukin Iya ne ya gina marigayin da lakar bakin rafi, ya ɗora shi bisa manyan duwatsu don kada danshi ya taɓa gindinsa. Ya yi rayuwa ta amana. Abin da aka ba shi da kaka shi yake mayarwa da bazara, bai taɓa cewa ɓera ya ci ba, bai taɓa cewa a dawo gobe ba. Yaran gidan duka daga cikinsa suka yi ƙashi, har wanda yanzu ƙasar tsakar gida ke ɓata wa takalmi. Ba shi da yawan magana. Idan Iya ta buga cikinsa da tafin hannu ya ce dim, ta san gida lafiya, ta yi barci har da minshari. Idan ya ce kwam, sai ta rage mudun awo ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ranar zuba sabon hatsi kuwa yakan yi wani shaaa mai tsawo, kaji su taru a gindinsa kamar an kira su.

Abu ɗaya yake nema a shekara, shi ne yaɓe. Kafin ruwa ya sauka sai a kwaɓa laka da ciyawa, maigida ya hau tsani ya yi sama, Iya ta yi ƙasa, yara su cika tsakiya da ɓarna. Sabon yaɓe ya rufe na bara, na baɗi ya rufe na bana. Haka aka yi ta yi har maigida ya kwanta dama, ya bar zanen yatsunsa a wuyan rumbun, layi-layi kamar kunyoyin gona.

Daga nan ciwo ya fara, kuma ba a jikin rumbun ya fara ba. Babban ɗan Iya, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, ya zo daga birni ko zaman makoki bai gama hucewa ba, ya ce akwai mai son filin gaba ɗaya, gida da gona. Ya ce ya gyara wa Iya ɗaki a benensa, da fanka da famfo. Iya ta ce a ɗakin nan ta haife shi, a nan kuma za a ɗauke ta. Ya yi murmushi ya ce, “Iya, rigima ce kawai irin ta tsufa.”

Auta ce ta kawo dabara, kuma da zuciya ɗaya ta kawo ta. Tana karatun gine-gine, malamarta kuwa tana cikin masu yawo ƙauyuka suna nazarin tsofaffin gidajen gona don kada su ɓace. Auta ta ce idan aka sa rumbun a cikin gine-ginen da ake karewa, ba mai rushe shi, ba kuma mai sayar da filin da yake kai muddin yana tsaye. Malama ta zo da ɗalibanta, suka auna, suka zana, suka ɗau hoto. Da ta ga zanen yatsun maigida sai ta daɗe tana kallo, har Iya ta ji matar ta kwanta mata a rai. Aka ce a kwashe hatsin don kada ƙwari su ɓata cikin. Aka ce a dakata da yaɓe tukuna, kada a rufe yatsun nan kafin a gama nazarinsu. Iya ta ce, “'Yar nan, rumbu ba ya son tukuna.” Aka yi dariya, aka ce Iya akwai ban dariya.

A nan ne abin mamaki ya faru, wanda ya kamata a ce Iya ta yi wa kallo na biyu. Yaya Babba, mutumin da ya ce rumbun tarkace ne, ya wayi gari ya fi kowa son tarihi. Shi ya ce ai abu mai daraja haka ba a barinsa awaki na goga jiki. Shi ya kawo waya da turaku, shi ya kawo mai walda, shi ya sayo kwaɗo ƙato kamar na shagon zinari, ya jefa makullin a aljihunsa don kada ya ɓata. Malama har godiya ta yi masa a gaban jama'a. An ba kura ajiyar nama, an kuma bi ta da tafi.

Damina ta zo ta wanke fuskar marigayin. Wata ta biyo ta ci gefen da ruwa ke duka, ciyawar cikin laka ta fito tsirara. Tsaga ta buɗe daga wuya ta gangaro. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan har gara ta samu, ta yi gida ta yi jikoki. Hular jinka ta karkace ba mai gyara ta. Marigayin bai yi ƙorafi ba. Iya dai takan ji tim daga ɗaki, ta san wani ɓangare ya sake faɗuwa, ta fita ta riƙe wayar shingen tana kallo kamar mai duba maras lafiya ta tagar asibiti.

A yi wa Malama adalci, ta farga. Da Auta ta nuna mata hoton tsagar, ta kira da kanta ta ce a yi yaɓe maza, an gama da yatsun, ran ginin ya fi. Saura makulli. Yaya Babba ya yi tafiya. Yaya Babba ya dawo, amma makullin yana cikin ɗaya motar. Ɗaya motar tana wurin makanike. Da Iya ta ɗauko taɓarya za ta fasa kwaɗon, sai ga Yaya Babba ya bugo waya da murya mai sanyi: “Iya, ki yi haƙuri, doka ce. Kika fasa shingen nan kin karya sharaɗi, za a cire rumbun daga kariya, ni kuma ba ruwana.” Ko gaskiya ne ko ƙarya, Iya ba ta sani ba, ba ta kuma yarda ta gwada da gidanta ba. Gaba kura, baya siyaki. Ta mayar da taɓaryar cikin turmi, kuma har yau in ta tuna sai ta ji kamar ta ciji hannunta.

Bai ɗaga gatari ba, bai kawo motar rusau ba. Zama kawai ya yi a birni yana sauraron labarin yanayi, ruwan sama na yi masa aiki kyauta. Wannan ne ya fi ci wa Iya rai, don ko a gaban alƙali ba ta da abin da za ta ce ya yi.

Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce rugum. Kafin ƙura ta lafa cikin ruwan, labari ya kai birni. Makullin da aka yi damina biyu ana nema ya bayyana washegari, a hannun direban Yaya Babba, tare da saƙon cewa Iya ta fara haɗa kayanta.

Marigayin ya bar Iya, wadda ba ta da wani abin da ya tsaya tsakaninta da bene. Ya bar tsani mai mataki ɗaya a karye, da kaji da suka rasa wurin fakewa suna yawo a tsakar gida kamar baƙi, da kyanwa wadda tun ranar da aka kwashe hatsi ta rasa aikin yi. Ya bar duwatsun gindinsa, suna nan daram inda surukin Iya ya ajiye su. Ya bar Auta, wadda ta zo ta durƙusa cikin taɓo tana cewa, “Iya, ni na jawo.” Iya ta ce, “Tashi, ke da gyara kika zo.” Ya bar hotuna masu kyau ƙwarai a ofishin Malama, waɗanda ko tsaba ɗaya ba za a iya zubawa a cikinsu ba.

Wajen gyara gawar an ga abin da ba a taɓa gani ba. Bangon ya rabu ɓawo-ɓawo kamar albasa, kowane ɓawo da hannuwan shekararsa. Ga na maigida yana saurayi, ga na surukin Iya a can ciki, ga nata. A wani guntu aka sami tafin hannu ƙarami, ɗan yatsan ƙarshe a lanƙwashe, kuma duk gidan mutum ɗaya ne aka haifa da yatsa haka. Malama ta roƙi guntun don ajiya, Iya ta hana. Ta naɗe shi a tsumma ta ba direba ya kai wa mai shi, ta ce a gaya masa wannan ne rabonsa na gado, ya sa a falo, don shi ne aiki na ƙarshe da hannunsa ya yi a gidan ubansa.

Iya tana godiya ga maƙwabta da suka zo suka tsaya shiru. Waɗanda suka zo suna cewa ai ƙasa ce kawai, ta ji, Allah Ya ba su abin da za su rasa su gane.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa ba za a kai marigayin ko'ina ba. An tara shi a inda ya faɗi, an farfasa, tun jiya ake kwara masa ruwa, Auta ta yanko ciyawa. Za a taka shi ranar Asabar da safe, a ɗora shi bisa duwatsunsa na da. Malama ta ce sabon gini ba ya cikin abin da ofishinsu ke karewa, amma za ta zo da ɗalibanta, kuma an gaya musu su bar na'urar hoto a gida. Mai zuwa ta'aziyya ya zo da tsohon kaya, ya naɗe ƙafar wando. Ba za a shimfiɗa tabarma ba, ba wurin zama.

An samu labari cewa a wannan safiyar ce Yaya Babba zai iso da mai sayen fili da motar kwasar kaya. Ana yi musu maraba. Ba sai sun yi sallama a ƙofar ɗaki ba, Iya ba ta ciki. Za su same ta a bayan ɗakin girki, a tsakiyar kwaɓi, laka har gwiwa. Wanda ya zo ɗaukarta sai ya shigo ciki ya ɗauke ta da hannunsa, a gaban mutane.