Kazar Da Ndirangu Ya Dafa Wa Kakarsa

"A'a, amarya! Sai yanzu? Ni har na fara cewa ko faston ne ya ƙyasa ya riƙe min ke."

"Rufa min baki, mijin wahala. A garin ubanwa ango ke barin amarya ta hau matatu, motar haya, ita kaɗai, ana danna ta kamar buhun dankali?"

"Ai na ce ki hau babur."

"In hau babur da ɗankwalin zumuntar mata? Ka ga wadda za ka kashe ka ci gado ko? To tukwane huɗu ne da kaji, sai ka yi ta jira."

Lahadi ce da rana, a bayan gidan abincin wani dattijo Ba'indiye, Mzee Dhanji, da ke unguwar Parklands, inda rumfunan koroga suke jere. A can ba a kawo maka dafaffe. Rumfa za ka kama, a jero maka murhun gawayi da kasko da nama da kayan miya, kai da kanka ka naɗe hannun riga. Ndirangu ya kama ta ƙarshe tun ƙarfe sha biyu, yana ta leƙen ƙofa yana jiran kakarsa Nyaguthii, wadda duk unguwar Ngara ke kira Shosho. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa tun yana cikin zanin goyo take kiransa maigida.

Yau kam wasan da magana a cikinsa. Ndirangu ya samu aikin haƙa rijiyoyin burtsatse a can Lodwar, gobe Litinin kuma ake jiran ya sa hannu ko a ba wani. Tsohuwar nan ita ta raine shi tun yana da wata takwas, kuma ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai taka ƙafa ba sai da albarkarta. Ita kuwa ta kafe, wai ƙaton da bai iya dafa ruwan shayi ba yunwa ce za ta kashe shi kafin albashin farko. Da ya dame ta da naci, sai ta gindaya sharaɗi: ya dafa abinci da hannunsa, in ta iya share faranti tas, ya tafi. In ta rage ko loma ɗaya, ya yaga takardar aikin.

Shosho ta zauna, ta ajiye jakar sakarta, ta ƙare wa rumfar kallo.

"Kai, Indiyawa sun iya zama da duniya! Ka zo gidan abinci, ka dafa da kanka, ka sha hayaƙi, ka tashi kana godiya."

"Wayewa ke nan, tsohuwa. Ba irin taku ta Nyeri ba, da komai sai an antaya ruwa an jefa dankali. Ranar nan shayi kika ba ni, sai da na sa cokali na laluba ko akwai dankali a ƙasa."

"Dankalin nan shi ya yi maka wannan ƙeyar. Da ka zo hannuna, ɓera ya fi ka nama."

Suna cikin haka sai ga Mzee Dhanji da kansa, riƙe da tire shaƙe da ƙananan kwanoni, jan barkono, kurkum, citta da tafarnuwa, gishiri, da garin kayan ƙamshi kala-kala. Shekara talatin Shosho ta yi tana kai wa matarsa ganye da tumatir har ƙofar gida, don haka da ya gan ta sai da ya ajiye tiren ya haɗa tafukansa.

"Mama Nyaguthii! Yau ke ce a rumfata? Lalle kasko zai ji hannun gwana."

"Ba ni ba ce, Mzee. Ga gwanin nan. Ka dai matso da bokitin ruwa kusa, ka kuma gaya wa na rumfar gaba su yafe wa juna."

Dhanji ya tafi yana dariya. Ndirangu ya ɗaura ƙyallen girki, ya ɗaga ludayi sama kamar mai shirin ba da umarni.

"Doka biyu, amarya. Ba taɓa ludayi, ba ba da shawara."

"Zagi fa?"

"Wannan ko na hana ba za ki iya bari ba."

"To madalla. Bismillah, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya zuba man shanu, ya watsa albasa, mai ya yi tsalle ya ɗallar masa hannu. Gogan naku ya yi baya da sauri har ya ture kujera.

"In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba," in ji Shosho. "Albasa ma ta kore ka, ina ga kunamun Lodwar? An ce can kunama sai ta cire maka takalmi ta gwada ko zai yi mata."

"Ba gudu na yi ba, fili na ba ta ta soyu. Ni fa sati biyu ina koyon girkin nan a waya."

"A waya! Kakanka ma a rediyo ya koyi tuƙi, har yau bishiyar tana nan da tabo."

"Ki bar tone-tone, mutumin kirki ne. Haƙurin zama da ke kaɗai ya isa ya kai shi aljanna."

"Shi da ya biya awaki arba'in a kaina? Kai fa me ka ba ni? Ko ɗan kunne na roba."

"Awaki arba'in! Lalle an cuce shi. Ni da a lokacin ina nan, zakara ɗaya zan miƙa, in ce a ba ni canji."

"Ɗan banza mai kunnen tukunya. Juya albasar, tana ƙonewa."

"Shawara! Kin karya doka!"

"Ba shawara ba ce, hancina nake ceto."

Ya zuba tumatir, ya zuba kaza, kasko ya ɗauki ƙara. Gaskiya har nan abin ya yi kyan gani, Ndirangu ma ya fara jin kansa, yana juya ludayi yana ɗan fito. Sai ya waiwayi tiren kayan yaji. A wayar da ya koya, kullum mai girkin ɗaukar ɗan kwano yake ya juye duka, domin an riga an auna masa. Ina bawan Allah zai san cewa na Dhanji ba awo ba ne, na ɗiba ne da ɗan cokali, kuma tire ɗaya kan zaga rumfa uku? Ya ɗauki kwanon barkono ya kife. Ya ɗauki na kurkum ya kife. Na gishiri ma ya kife, har da bubbuga gindinsa kada a yi asara.

Shosho ta buɗe baki. Ta dubi kaskon, ta dubi jikanta da ke murmushi har kunne, sai ta mai da bakinta ta rufe, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Yaya dai, amarya? Kin yi shiru. Ƙamshi ya kashe miki baki ko?"

"Ina tunanin wasiyyata ne."

"Ki sa ni a ciki. Kin ga hannu? Ko awo ban yi ba, ido ba mudu ba ya san kima."

"Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Hayaƙin da ya tashi daga kaskon sai da ya sa mutanen rumfar gaba tari. Ndirangu ya ɗauka alamar girki ya kankama ke nan. Da romo ya yi kauri, ya ɗebo kaɗan a ludayi zai kai baki, sai ji ya yi an make masa hannu da jakar saka.

"Kul! Ka lashe min ludayi ka kuma mayar cikin abincina? Da wannan bakin da ban san inda ya kwana ba?"

"Haba Shosho, ɗanɗanawa zan yi."

"Kakanka bai taɓa sa baki a abinci kafin ni ba. Ko gwanin waya bai yarda da hannunsa ba ne?"

"Ni? Ko ido rufe na san abin da na dafa."

"To ajiye."

Ya ajiye. Ai da ma Ndirangu, in kana so ya faɗa rijiya, ce masa tsoron rijiyar yake.

Mzee Dhanji ya dawo da gurasa mai zafi da tulun kindirmo. Idonsa ya sauka kan kwanonin tiren, duk a kife, fes kamar an wanke. Ya leƙa kaskon, ya dafe ƙirji.

"Ɗana, duka ka...?"

"Mzee," Shosho ta katse shi, "matarka tana lafiya? Ka gaishe ta. Yanzu. Ka je ka gaishe ta."

Dattijon ya dubi fuskarta, ya tuna shekarun da suka yi suna ciniki bai taɓa cin nasara ba. Ya ajiye tulun a gefenta, ya juya sumui-sumui.

Ndirangu ya cika faranti ya dire mata, ya koma ya harɗe hannu. A nan ne fa duk cika bakin ya gudu. Aikin nan shekara uku yana nemansa, ga shi yanzu a cikin farantin tsohuwar da ko gishirin maƙwabta sai ta kushe.

Ta yi addu'a, doguwa fiye da ta kullum. Ta yagi gurasa, ta dangwala, ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

"Yaya?"

"Na taɓa cin wanda ya fi shi muni."

"Yaushe?"

"Shekarar fari, da muka dafa fatar ganga."

"Ki dai faɗi gaskiya ki kunyata shaiɗan. Ga gumi nan yana keto miki don daɗi."

"Gumin takaici ne. Kazar nan ta mutu sau biyu, na biyun ya fi ciwo."

Amma hannunta bai tsaya ba. Loma, kurɓin kindirmo, loma, kurɓin kindirmo. Ta cire ɗankwalin zumuntar ta shiga fifita da shi, abin da ko a jana'iza cikin rana ba ta taɓa yi ba. Hancinta na zuba, idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Amarya, in kin gaji ki huta."

"Wa ya gaji? Ni da na haifi takwas? Matsa min da gurasar."

Ta cinye naman, ta tsotse ƙashi, ta sa guntun gurasa na ƙarshe ta share farantin har yana ƙyalli. Sannan ta kife shi a kan tebur, ta jingina da kujera tana numfashi da baki.

Ndirangu ya daka tsalle ya buga ihu, har na rumfunan gaba suka leƙo.

"Jama'a ku shaida! Ta share! Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi! Tsohuwa, yau na sake ki saki uku, Lodwar ta kira!"

Cikin murna ya yagi gurasa, ya nutsa ta cikin kasko, ya cusa a baki.

Wayyo! Sai ka ce ya haɗiyi garwashin da aka jiƙa a ruwan teku. Ya furzar, ya rarumi tulun kindirmo, ya tarar babu ko ɗigo. Ya yi ta tari yana dukan ƙirji har ya durƙusa. Da ya samu numfashi ya ɗago ya dubi farantin da ke kife, ya dubi kakarsa. Dariyar ta ɗauke masa ɗif.

"Shosho, wannan ai ko kare ba zai ci ba."

"To ka ce min karya mana, ka cika rashin kunyar."

"Kin ga lokacin da na juye gishirin."

"Ina da ido."

"Shi ya sa kika hana ni ɗanɗanawa."

"Da ka ɗanɗana, da ka zubar ka ce ka faɗi. Na san halinka, gaskiyar tsiya irin ta kakanka. Ka koma gida ka yaga takarda, ka zauna min a kujera shekara goma kana kallona kamar ni na kashe ka." Ta share hanci da gefen ɗankwali. "Ba yunwarka nake tsoro ba, sakarai. Ko a Lodwar akwai masu sai da wake da masara. Gidan ne zai yi min faɗi, in dafa abinci in rasa wanda zan zaga. Sati biyu ina neman wanda zan ɗora wa laifi, na ɗora wa girkinka. To na ci laifina, ga faranti nan."

Ndirangu ya matso kusa da ita. Tausayinta da kunyar kansa suka kama shi.

"Miƙo hannu, kafin in canza ra'ayi."

Ya miƙa tafukansa biyu. Ta yi masa ɗan tofi a ciki irin na tsofaffi, ta ce Allah ya sa duk inda ya haƙa ruwa ya fito, ya kai shi lafiya ya dawo da shi da ƙafarsa. Ya ce amin, ya shafa a fuska.

Nan take ya ƙwalla ƙara yana murza ido.

"Wayyo idona! Shosho, albarkar taki barkono ce zalla!"

"Kai ka dafa ta, ni isarwa kawai na yi!"

Ta fashe da dariya har tana dukan tebur, hawaye na bin kumatunta, shi ma ga nasa shaɓe-shaɓe, yana dariya yana laluben ruwa. Sai da ta yi mai isarta, sannan ta ɗaga murya ta yadda duk Parklands za ta ji.

"Mzee Dhanji! Zo ka kwashe wannan masifar, ka kawo wa yaron nan abincin mutane ya ci. Gobe da sassafe yana da takardar da zai sa wa hannu."